Baƙi-da-fari: me kalmar take nufi a wurin masu ɗaukar hoto?

Tun daga ƙaramar Sallar da ta wuce kalmar nan ta hana ni sakat. Ka buɗe Facebook ko WhatsApp, sai ka tarar samarin Damagaram da yawa sun juye hotunansu baƙi-da-fari. Ƴan lakwal su ce nuwar-e-bulan, masu son nuna sun ƙware su ce monokurom. Wata ranar Laraba na ji mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo na garin nan yana fassara kalmar da "hoton da aka cire wa kala, irin na mutanen da". Ba a rufa mako ba wani ɗan siyasa ya ce ba za su yarda a mayar da ƙasa "zamanin baƙi-da-fari" ba, yana nufin ci baya. Abin da ya fi taɓa ni kuwa a gida ya faru. Na ɗauki hoton Baffana a bakin zaure, na sa shi a salula, jikar Gwaggo ta nuna mata. Sai ga kiranta, murya na rawa: "Innalillahi! Ɗan nan, yaushe Baffanka ya cika ba a faɗa mini ba?" Na ce, "Gwaggo, lafiyarsa lau, yanzu muka rabu." Ta ce to don me na sa masa hoton mamata?

Ban ga laifinta ba. Mun saba duk wanda ya rasu a dusashe hotonsa a rubuta addu'a a ƙasa. Amma ka ga inda aka kai kalmar: tsufa, ci baya, mutuwa. Mai ɗaukar hoto idan ya ce baƙi-da-fari, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan yake nufi ba.

Sunan kansa ne ya fara ɓatar da mutane. Hoton da ba kome cikinsa sai baƙi ƙirin da fari fat, ai tambari ne, irin wanda ake buga wa takarda a ofis. Hoto na gaske rayuwarsa tana cikin abin da ke tsakanin biyun, wato ruwan toka da duk matakansa, daga tokar da ta kusa zama gawayi har wadda ta kusa zama alli. Hoton da salularka ke ajiyewa yana da matakai 256 na haske, daga 0 wanda shi ne baƙi zuwa 255 wanda shi ne fari. Biyu kacal ke nan baƙi da fari, sauran 254 duk toka ce. Wani Ba'amurke mai hoton duwatsu da dazuzzuka, Ansel Adams, shi da abokin aikinsa Fred Archer, sun kasa wannan tsani gida goma sha ɗaya wajen 1940, domin mai hoto ya yanke tun kafin ya danna wane abu zai zauna a wane mataki. Da ni aka tambaya, da hoton ruwan toka na raɗa masa. Amma suna ya riga ya bi shi.

Monokurom kuma wata magana ce daban, ko da yake ana cakuɗa su kullum. Kalmar Girkanci ce, monos ɗaya, kroma launi: launi guda. Tsofaffin hotunan nan masu ruwan ƙasa da ake kira sefiya monokurom ne, haka ma shuɗin hoton da masanin Ingila John Herschel ya ƙirƙiro hanyar yinsa a 1842. Duk baƙi-da-fari monokurom ne, amma ba duk monokurom ne baƙi-da-fari ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan magana ta "cire kala", kamar hoton wata riga ce da ta koɗe a wanki. Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan ramin ba, domin a harshenmu baƙi da fari sun fi ƙarfin fenti. Farin ciki da baƙin ciki ba wanda ya taɓa ganin launinsu. Farin jini ba fari ba ne. Tsofaffi kan ce baƙin ruwa suna nufin ruwa zalla wanda ba a dama kome ciki ba. Sannan ga wadda ta fi duka, wadda duk wanda ya riƙe allo ya sani. Harafi sunansa baƙi. Yaro idan aka kai shi makarantar allo, da babbaƙu yake farawa, ya san alif da ba da sin tsurarsu, ba wasali. Idan ya iya su sai malam ya shigar da shi farfaru, inda ake ɗora wa baƙaƙen wasula, su buɗe baki su yi magana. Ka duba Alƙur'ani rubutun hannu irin na mahaddatanmu, za ka ga wasulan nan da jar tawada aka sa su, amma karatunsu farfaru muke ce masa. A fahimtata, baƙi a nan shi ne gangar jikin abu, ƙashinsa, fari kuma shi ne abin da ke buɗe shi har a gane. To kalmar da muka aro muka mayar hoto, wadda Faransawa ke cewa fotogarafi, ita ma daga Girkanci take: fos haske, garafe rubutu. Rubutu da haske. Ranar da na haɗa waɗannan biyun a kaina na kwana ina juya su. Mai ɗaukar baƙi-da-fari ɗalibi ne da ya koma babbaƙu da farfaru na gani: inuwa ce baƙinsa, haske ne wasalinsa, da su biyun yake rubuta fuska ko bango. Launi ado ne da ake yi wa shafi bayan rubutu ya tsaya, kamar zayyanar allon sauka.

Ita kanta na'urar haka take aiki. Farantin da ke cikin salula ko kamara, wanda haske ke sauka a kansa, bai san launi ba. Kowane ɗigo a jikinsa yawan haske kawai yake aunawa. An shimfiɗa masa ƙananan matatai ne, ja da kore da shuɗi, rabinsu kore, sannan lissafin da ke cikin na'urar ya haɗa launin daga baya. Wato launin ne ƙari. Idon mutum ma yana da irin wannan. Akwai ƙwayoyin gani masu aiki da rana su rarrabe launi, akwai masu aiki cikin duhu waɗanda haske da inuwa kaɗai suka sani. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida daren farin wata ya ga duniya baƙi-da-fari da idonsa, bai kuwa ce an cire mata kome ba.

Ni ta ƙofar hunturu na shiga wannan harka, kuma na lura yawancin masu ɗaukar hoto don sha'awa ta irin wannan ƙofar suke shiga, wato wani hoto ne ya ƙi yin kyau. Na shiga Birni da hantsi ina son zanen da magina suka yi a fuskar wani tsohon gida. Hazo ya rufe gari. Bango ruwan ƙasa, hanya ruwan ƙasa, sama ma ta ɗauki launin ƙura. Hoton ya fito kamar an shafe shi da kunu. Da dare ina shirin goge shi na juya shi baƙi-da-fari, sai zanen ya miƙe tsaye. Rana ta bugo shi daga gefe, kowane tudu na zanen ya jefa ƴar inuwarsa, har sawun hannun magini ya fito a yaɓen, zankwayen da ke saman soron kuma suka yanki sama. Duk wannan yana cikin hoton tun farko, launin ƙurar ne ya ɗauke mini hankali daga kansa. Washegari na koma da la'asar, na sake komawa jibi. Daga nan na daina tambayar kaina wane launi ne wannan, na koma tambayar daga ina hasken yake zuwa.

Wani yaro da ke biyo ni yawon hoto ta wata ƙofar ya shigo. Hoton biki ya ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, fuskoki suka fito ruwan ɗorawa, ya juya su don ya ɓoye aibin. Ba na raina wannan, ƙofa ce ita ma. Amma wanda ya tsaya nan, yana rufe kowane mummunan hoto da toka, bai shiga gidan ba tukuna.

Ga misalin da nake ba duk wanda ya ce ai danna maɓalli ne kawai. Je ka ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ka ɗauki dogari cikin kayansa na ja da kore. Da launi, ido ba ya kuskure su, ja na kururuwa kore na amsawa. Juya shi baƙi-da-fari yadda salula ta ga dama, sau da yawa za ka ga rigar ta zama toka guda shimfiɗe, domin jan da koren suna iya zama masu nauyin haske ɗaya. Rabin abin da ya sa dogari ya zama dogari ya tafi. A nan mai hoto yake yanke hukunci. Masu ɗaukar hoto da kamarar fim sukan ɗaura wa idon kamara jan gilashi, sai ja ya yi haske, kore ya yi duhu, shuɗin sama ya yi nauyi har gajimare ya fito. Idan koren gilashi suka ɗaura sai abin ya juye. Yau a kwamfuta ko salula ake jan waɗannan matakan, amma hukuncin bai canza ba: wanne zan ɗaga, wanne zan danne? Mutum biyu su ɗauki dogari ɗaya a daƙiƙa ɗaya, su fito da riguna biyu daban. Wanda ya cire kala kawai bai yi wannan zaɓin ba, na'ura ce ta yi masa.

Wannan kuma ya shafi yadda muke karanta tarihinmu. Hotunan da Faransawa suka ɗauka a garin nan lokacin da Zinder ce hedikwatar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926, an yi su ne a zamanin da yawancin farantan gilashin da ake ɗaukar hoto a kansu ba sa ganin ja. Abin da yake ja sai ya fito baƙi, shuɗin sama kuma ya wanke ya zama fari fat. Saboda haka idan ka ga mutum cikin baƙar riga a irin waɗannan hotuna, kada ka yi saurin rantsewa baƙa ce. Wannan makantar ce ma ta sa masu wankin hoto ke kunna jar fitila a ɗakin duhu, don takardar hoton ba ta ganinta.

Shi kuwa ɗan siyasar da ya mayar da kalmar sunan ci baya, lissafin shekaru bai goyi bayansa ba. Hoto mai launi ya shiga kasuwa tun 1907 da farantin ƴan'uwan nan Lumiyar na Faransa, fim ɗin Kodachrome kuma ya fito a 1935. Gaskiya ne tsada da wahalar wanki sun sa masu hotonmu na Afirka ta Yamma sun daɗe a kan baƙi-da-fari. Sai dai a duba abin da suka yi da shi. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana zaunar da mace mai atamfa a gaban labule mai zane, zane kan zane, abin da da launi zai iya zama hayaniya amma a toka ya zauna daram. Malick Sidibé ya bi samarin Bamako wuraren rawa, kuma a 2007 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Benis da ke Italiya saboda aikin rayuwarsa. A Yamai Philippe Koudjina ya ɗauki daren birnin a shekarun 1960 da 1970. A Najeriya J.D. Okhai Ojeikere ya fara tara hotunan kitson mata a 1968, ba abin da ke cikinsu sai gashi da tsaga da haske. Yanzu haka kamfanin Leica yana sayar da kamara mai tsada wadda ba ta ɗaukar launi ko kaɗan, tun 2012 ya fara.

Jarrabawa mafi wuya a garinmu ita ce dattijo baƙin mutum cikin farar babbar riga da farin rawani, da tsakar rana. Kamara tana ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani toka matsakaiciya. Idan ta bi rigar, fuska ta nutse ta zama rami. Idan ta bi fuskar, rigar ta ƙone, aikin allurar da aka yi wata da watanni ana yi a wuyanta ya ɓace. Launi kan rufa wa mai hoto asiri a nan, baƙi-da-fari ba ya rufawa. Abin da na koya shi ne in janye mutum daga rana in zaunar da shi a bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe guda a tausashe, duhun zauren kuma ya tsaya masa a baya. In auna don farin kada ya ƙone, sannan in ɗago fuskar a hankali wajen gyara. Haka na yi wa Baffa, sau bakwai na ɗauka kafin naɗin rawanin da ƙyallin idonsa su zauna a hoto ɗaya.

Na kai aka wanke shi babba, na tafi da shi wurin Gwaggo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa a kan wuyan rigar ta ce, "Wannan ai rigar Malam ce, mahaifinmu. Ga inda Inna ta yi mata ƙari nan." Shekara da shekaru ina ganin rigar a jikin Baffa ban taɓa lura da ɗinkin ba. Ta ce a samo mata ƙusa, ta nuna bangon da ke fuskantar gadonta.