Waiwaye: Daga Ina Iyakar Radiyeshin Ta Samo Asali?

Duk lokacin da aka tayar da zancen yawan hotunan da ake ɗaukar marasa lafiya a asibiti, sai ka ji kamar jiya aka gano radiyeshin, wato hasken da ake ɗaukar hotunan da shi, na da illa. Alhali tun 1895 da masanin kimiyya Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, ba a jima ba masu aiki da shi suka fara ƙonewa a hannu, wasu har aka yanke musu yatsu. A 1928 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na kariya daga radiyeshin a Stockholm. Hiroshima kuwa kowa ya san labarinta.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1956. Kafin nan, tunanin da aka daɗe ana yi shi ne: muddin fata ba ta yi ja ba, gashi bai zube ba, to lafiya lau. Sai wata likita a Oxford, Alice Stewart, ta tsara a bi uwayen yaran da ciwon daji ya kashe ana yi musu tambayoyi, a kuma tambayi uwayen yaran da ke raye. Cikin tambayoyin har da wata mai sauƙi: an taɓa yi miki eksire kina da juna biyu? Amsar ta nuna yaran da hasken ya taɓa tun suna ciki sun kusan ninka sauran wajen kamuwa da cutar. Ba wanda ya ƙone, ba abin da ido ya gani, cutar sai bayan shekaru. An daɗe ana yi wa sakamakon gardama, har wani babban bincike a Amurka ya mara masa baya a 1962. Takardar nan da ke manne a ƙofar ɗakin hoto, mai cewa mai ciki ta sanar kafin ta shiga, jikar wannan aiki ce.

Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka daina yarda cewa kaɗan ba ya cutarwa. A 1990 kwamitin nan na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar a sauko da iyakar radiyeshin ta ma'aikaci daga milisibat 50 (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ya samu) zuwa 20 a shekara, bisa matsakaicin shekara biyar, ta sauran jama'a kuma 1. Ƙaramin bajo da mai ɗaukar hoto ke liƙawa a ƙirji shi ke ƙirga masa nasa.

Sai dai wannan iyaka ba ta shafi majiyyaci ba. Hoton CT (eksire mai amfani da kwamfuta) na tumbi da hanji guda ɗaya na iya kai milisibat 10, kuma abin da ke tsare majiyyaci kawai shi ne likita ya auna ko hoton ya zama dole.