Tsohuwar Mota da Zaɓen Fetur: Babbar Lamba Ba Ta Gyara Inji

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu tsofaffin motoci, wai da zarar mota ta ci kilomita 200,000 ko fiye, sai a koma ɗura mata fetur mafi tsada, mai babbar lamba, don ƙarfinta ya dawo. Wasu kuma cewa suke yi tunda ta tsufa, duk man da aka samu a zuba mata kawai. Na farko yana asarar kuɗinsa, na biyu kuma yana wasa da injinsa. Abin da nake roƙon mai mota ya riƙe shi ne, yawan tafiyar da ta yi ba shi ke zaɓa mata mai ba. Ƙirar injinta ce ke zaɓa, sai kuma halin da injin yake ciki a yau.

Lambar da kake gani a jikin famfon gidan mai, 87 ko 91 ko 95 ko 98, ita ake kira oktan. Ba ta nuna tsabtar mai, ba ta kuma nuna cewa wannan ya fi wancan ƙarfi. Abu ɗaya take aunawa: juriyar man ga matsi da zafi kafin ya kama da wuta da kansa. A cikin silinda, fistan yana matse iska da fetur, filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakinsa ta bi ta cinye haɗin a tsanake tana tura fistan ƙasa. Idan man bai da isasshiyar juriya, ragowar da ke can gefe, wadda wutar ba ta riga ta iso ba, sai ta fashe da kanta. Wannan fashewar ce ke dukan kan fistan da bangon silinda, kai kuma a kujerar direba sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ma'aunin ya samo asali ne daga aikin wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, a shekarun 1920: an ba wani sinadari mai juriya sosai lamba 100, wani marar juriya kuma aka ba shi 0, sauran mai ana gwada shi da haɗin waɗannan biyun.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, musamman wanda ya sayi motar da aka yi amfani da ita a wata ƙasa. Ma'auni ba ɗaya ba ne. Turai da yawancin duniya suna rubuta lambar da ake kira RON, wadda sakamakon gwaji ɗaya ce, Amurka da Kanada kuwa suna rubuta matsakaicin gwaji biyu, don haka lambarsu takan zama ƙasa da kusan maki 4 zuwa 5. Fetur mai lamba 87 a Amurka kusan daidai yake da 91 na RON, 91 nasu kuma kusan 95. Saboda haka idan ka buɗe murfin tankin mai ko littafin motar ka ga lamba, duba da wane ma'auni aka rubuta ta. Ka kuma karanta da kyau: wani kamfanin cewa yake dole ne a sa babbar lamba, wani kuma shawara kawai ya bayar. Inda aka ce dole, musamman inji mai turbo ko mai matsi sosai, kada ka sauka ƙasa ko da motar ta shekara ashirin.

To me tsufa ke yi wa inji? Abubuwa biyu ne, kuma tasirinsu kishiyar juna ne. Na farko, baƙar dauɗar ƙonewa tana taruwa a kan fistan da rufin silinda. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da bakanike lokacin da ya ɗaga kan inji ya san ta: ɓawo ne baƙi, mai tauri, wani lokaci sai an kankare shi da ƙarfe. Wannan ɓawon yana rage filin da ke cikin silinda, matsi ya ƙaru, kuma yana riƙe zafi. Injin da ke shan baƙin mai ya fi tara shi, kuma shi kansa baƙin man idan ya shiga wurin ƙonewa yana rage wa fetur juriya. Irin wannan injin zai iya fara neman lambar da ta fi wadda aka ƙera shi da ita. Na biyu kuma, ringi da bawul da suka cinye suna sakin matsi, sai buƙatar ta ragu. Motoci biyu iri ɗaya, masu kilomita ɗaya, ɗaya tana ƙwanƙwasa ɗaya kuma shiru. Shi ya sa ba na yarda da duk wanda zai kalli agogon kilomita kawai ya yanke maka hukunci.

Kunnenka za ka sa. Bari inji ya yi zafi sosai, kashe rediyo, sauke gilashi, ka hau tudu a babbar giya ko ka taka totur da kaya a mota. Idan ƙarar ta zo sau ɗaya a taƙaice ta wuce, ba abin tayar da hankali ba ne. Idan tana binka duk tsawon hawan, to akwai magana, domin a daɗe ana haka ringi ke karyewa, gasket ɗin kan inji ya ƙone, har kan fistan ya huje. Amma ka bambanta ta da ƙara mai nauyi da ke fitowa daga ƙasan inji ko da mota na tsaye, tana bin juyin inji. Wannan matsalar metal ce, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, babu fetur ɗin da zai yi mata magani, kuma ci gaba da tuƙi a haka shi ne hanyar da inji ke bugawa.

Yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau suna da sensa mai jin wannan ƙwanƙwasa, kwamfutar motar kuma takan jinkirta tartsatsin filogi don ta kare injin. Wannan kariya ce mai kyau, sai dai tana ɓoye alamar. Ba za ka ji ƙara ba, za ka dai ga motar ta yi nauyi wajen tashi tana kuma shan mai fiye da da. Motoci masu kafireto galibi ba su da wannan gata, direban ne sensarsu.

Idan ka tabbatar tana ƙwanƙwasa a kan man da kamfani ya ce a sa mata, gareji za ka nufa kafin gidan mai. A fara da sanyaya inji: lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi a kan lokaci, famfon ruwa da ya gaji. Cire tamostat da wasu ke yi ba gyara ba ne, yana hana injin kaiwa zafin da ya dace ya kuma ƙara tara dauɗa. A duba filogi ko irin nata ne, domin filogin da ya fi ƙima riƙe zafi yana iya kunna mai tun kafin lokaci. A duba saitin wuta, a duba nozul da famfon mai, a nemi inda iska ke kutsawa ta tsagaggen tiyo, domin haɗin da iska ta yi wa yawa ya fi zafi. Akwai kuma bawul ɗin EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa, kuma a tsohuwar mota yakan toshe da dauɗa. Fitilar gargaɗin inji idan ta kunna, a sa na'ura a karanta, kada a liƙe ta.

Ba na cewa hawa mataki ɗaya laifi ne. Babbar lamba ba ta cutar da inji. Idan an duba komai lafiya, dauɗa ce kawai ta rage, kuma buɗe injin ya fi ƙarfin aljihunka a yanzu, to sa mata man da ya fi lamba hanya ce mai ma'ana. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi mayafin rufe lagireto da ya mutu. Injin da ba ya ƙwanƙwasa kuwa, wanda aka ƙera wa ƙaramar lamba, ba zai ƙara gudu don ka biya ƙari ba. Wanke inji ma ba aikin oktan ba ne, aikin sinadaran wanki ne da ake haɗawa a cikin man, ko da yake wasu kamfanonin sukan ƙara su a mai tsadan.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ingancin abin da aka ɗura maka. Fetur da aka gauraya da kananzir ko dizal juriyarsa faɗuwa take yi warwas, komai aka rubuta a famfo. Wanda ya yi watanni a tanki ma yana lalacewa. Jefa kafur a tanki ba ya ƙara komai sai haɗarin toshewa. 'Yan kwalaben ƙara oktan yawancinsu kaɗan suke ɗagawa, wasu kuma na ɗauke da ƙarfe irin su manganis, mai barin jan tabo a filogi yana kuma lalata sensar hayaƙi.

A matsayina na mai wayar da kai, akwai ɓangaren da ba zan tsallake ba. Tun 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma don ɗaga oktan, kuma an shafe shekaru yara na shaƙar gubar da ke dakushe ƙwaƙwalwa. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ga motoci, a 2021. Amma man ƙananan jiragen sama masu fistan har yanzu yana da dalma, don haka kada wani ya ruɗe ka da shi wai don lambarsa 100. Mai motar da ta girmi shekarun 1970, wadda mazaunin bawul ɗinta ke buƙatar dalma, akwai sinadarin maye gurbi, ko a sa mata mazauni mai tauri.

Sai fetur mai etanol, wato sinadarin barasa, irin E10 (mai etanol har kashi 10 cikin ɗari) da Birtaniya ta mayar fetur ɗinta na yau da kullum a watan Satumban 2021. Etanol yana ɗaga oktan, amma yana jan ruwa kuma yana cin tsofaffin tiyo da roba. Idan kana jin warin fetur a cikin mota ko kusa da ita, a duba tiyon a ranar, saboda gobara, da kuma sinadarin benzin da ke cikin tururin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Kada ka zuƙo mai da baki don sauya shi, ɗan kaɗan ya faɗa huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Kada kuma ka tayar da inji a rufaffen gareji kana sauraren ƙara, iskar da ke kisa a hayaƙin salansa ba ta da wari.

Idan za ka gwada babbar lamba, bari tanki ya kusa ƙarewa kafin ka ɗura, ka rubuta lita nawa ka sa da kilomita nawa ta kai ka, a tanki biyu ko uku, a kan hanyoyin da ka saba bi. In ƙarar ta ɗauke, ko shan mai ya ragu har ya biya bambancin kuɗin, ci gaba da shi ka kuma sa ranar duba injin. In babu abin da ya sauya, koma kan lambar da ke rubuce a murfin tankinka.