Nauyin ƙotar wuƙa ba shi ne ƙarkonta ba

An daɗe ana cewa wuƙar aljihu mai naɗewa, in ƙotarta ta yi nauyi tana sheƙi, to ita ce mai ƙarko, ta roba kuwa kayan yara ce. A kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya za ka ga mai saye yana auna ta a tafin hannu kafin ya taya. Uzurinsa a fili yake, don robar araha takan tsage.

Sai dai da yawa daga cikin ƙotocin nan masu nauyi da sheƙi a wuƙaƙen araha zinki ne aka narka aka zuba, aka yi masa rufi. In ta faɗi a siminti tana iya karyewa. Akwai kuma roba da ake haɗawa da zaren gilashi, irin G10, ba ta da nauyi, ruwa da gumi ba sa cin ta.

Itace da ƙaho suna da kyau a hannu, amma yanayin Zariya yana wahalar da su. Da damina su sha danshi su kumbura, da hunturu su bushe su tsuke, tsaga ta fara daga bakin ƙusoshi. Shafa ɗan mai lokaci-lokaci yana rage wannan.

Kafin ka saya, buɗe wuƙar, ka riƙe bayan ƙarfen ka motsa shi gefe da gefe. In yana rawa, bar ta. Leƙa cikin ƙotar ka ga ko akwai faranti na ƙarfe da ke ƙarfafa ta a ɓangarorin biyu, ka duba kewayen ƙusoshi ko akwai tsaga.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu shirin sayen wuƙa.