Garin Kayexalate da hanjin mai dashen ƙoda

Tambayoyin nan dai su ne kullum daga masu dashen ƙoda da 'yan uwansu a nan Maradi. Ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake aiko su.

Wai da gaske Kayexalate na ɓata hanji?

Da gaske ne, sai dai ba kasafai ba. Garin magani ne da ake sha in sinadarin potasiyam ya yi yawa a jini, yana kama potasiyam a babban hanji ya fita da shi ta bayan gida. Wani lokaci yakan ci bangon hanjin, wani sashe ya mutu ko ya huje, sai tiyata. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan haɗa shi da sorbitol, wani sinadari mai zaƙi da ke sa bayan gida ya yi laushi.

Me ke sa potasiyam hawa bayan dashe?

Galibi magungunanku ne: tacrolimus da ciclosporin masu hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, da Bactrim mai kashe ƙwayoyin cuta. Kada wani ya ajiye su don na faɗi haka, ƙodar zai rasa.

Gwajin potasiyam ya nuna 5.8, likitana yana Kano ko Indiya, ga garin a gida. In sha?

To, Alhaji, a nan ne ake kuskure. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0, don haka 5.8 ya hau. Amma jinin da ya daɗe a kwalba cikin zafin nan namu, ko aka matse hannu wajen ɗibarsa, yakan ba da lambar ƙarya, sau da yawa maimaita gwajin ake fara yi. In an yi maka tiyata kwanan nan, ko bayan gida ya ɗauke, ko ciki ya kumbura, kada ka taɓa shi: hanjin da ba ya motsi shi garin ya fi yi wa illa. In duk babu waɗannan, mai yiwuwa likita ya yarda, da tazarar awa 3 tsakaninsa da sauran ƙwayoyi. Likita na ce, ba mai farmasi ba. In ya kai 6.5, ko ƙafafu sun mutu, ko zuciya na bugawa barkatai, asibiti nan take, garin ba ya aikin gaggawa.

Babu wani magani?

Akwai patiromer da Lokelma. Tsada, ga wuyar samu.

Dabino fa?

Shi da ayaba da dankali suna da potasiyam da yawa, a rage. Na sha faɗa.

Na sha garin, cikina na ɗan ciwo. In jira safiya?

A'a, Hajiya. Prednisolone, maganin da ake ba masu dashe, na ɓoye zazzaɓi da zafin ciwo, "ɗan ciwo" a jikinki ba ƙarami ba ne. Ciwo, kumburi, amai ko jini a bayan gida, ki tafi yanzu, da gwangwanin garin a hannunki ki nuna musu.