Dokar kapo a gonakin inabin Langhe: wa take kamawa, wa take karewa?

Duk shekara idan Agusta ya kusa ƙarewa, saƙonnin murya sukan fara yawo tsakanin 'yan'uwanmu da ke Italiya: an fara tsinkar inabi a wajen Alba, akwai aiki a Canelli, ga lambar mai haɗa mutane. Tare da su kuma wata jita-jita ke tafiya, wai akwai dokar da ta ce duk wanda aka kama yana aiki a hannun kapo, wato dillalin da ke tara wa masu gona ma'aikata, zai sha ɗaurin shekara shida, a kuma tasa ƙeyarsa gida. Shekara shidan tana cikin doka, gaskiya ne, amma an ɗora ta a kan wanda ba nasa ba.

Yankin da ake magana shi ne Langhe, a jihar Piyamonte ta arewa maso yammacin ƙasar. Tuddai ne masu gangara, inda mafi yawan aikin sai da hannu: almakashi, akwatin roba, a sunkuya a miƙe tun safe. Ana farawa da inabin Moscato, a bi da Dolcetto da Barbera, a rufe da Nebbiolo a watan Oktoba, wanda da shi ake yin giyar Barolo da Barbaresco.  Hukuncin Musulmi ya yi aiki a gonar da inabinta giya zai zama, wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Ni abin da ya dame ni shi ne mutanen da suka riga suna can, ana cin guminsu, suna kuma tsoron dokar da aka yi dominsu.

Dokar ita ce mai lamba 199 ta shekarar 2016, wadda ta gyara sashe na 603-bis na kundin manyan laifukan Italiya. Asalin sashen na 2011 ne, shekarar da ma'aikatan tumatir suka yi yajin aiki a garin Nardo na kudancin Italiya ƙarƙashin jagorancin Yvan Sagnet, ɗalibi ɗan Kamaru. A lokacin kapo kawai ake hukuntawa, mai gona ya kaɗe rigarsa ya ce bai san komai ba. Rasuwar wata ma'aikaciya, Paola Clemente, a gonar inabi a garin Andria a 2015 na cikin abin da ya sa aka toshe wannan ƙofa. Yanzu mutum biyu doka ke nema: wanda ya tara ma'aikata, da wanda ya yi amfani da su. Ta shafi kowane ma'aikaci, Bature ko baƙo, mai takarda ko marar takarda, kuma a matsayin wanda aka zalunta take kallonsa.

Ga hukuncin. Ɗaurin shekara 1 zuwa 6, da tarar yuro 500 zuwa 1,000 a kan kowane ma'aikaci ɗaya. Idan an haɗa da duka ko barazana, ya koma shekara 5 zuwa 8, tarar kuma yuro 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum. Ana ƙara nauyin hukunci idan ma'aikatan sun wuce uku, ko akwai yaro a ciki, ko an jefa su cikin mummunan haɗari. A lura da kalmar "kowane". Kapon da ke loda mutum goma a farar mota da asuba, tararsa kaɗai tana farawa ne daga yuro 5,000, tun kafin a ƙara nauyin hukuncin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun yarda. Za ka ji ɗan'uwa ya ce, "Ai ni na amince da kuɗin, na ma sa hannu a kwantiragi, wace ƙara zan kai?" Doka ba ta tsaya a kan amincewarka ba. Abin da take tambaya shi ne ko an yi amfani da halin buƙatar da kake ciki. Wanda ba shi da wurin kwana, ko yake neman kwantiragi ko ta halin ƙaƙa don sabunta takardar zama, zai yarda da kusan komai, kuma 'yan majalisar sun san haka. Shi ya sa aka ba alƙali alamomin da zai duba: biyan da ya yi ƙasa ƙwarai da yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ana maimaita shi, hana hutu da tsawaita awoyi, rashin kayan kariya da tsafta, da ajiye mutane a wurin kwana na wulaƙanci. Ba dole sai an taɓa lafiyarka ba.

Kwantiragin kansa sau da yawa shi ne tarkon. A Langhe galibi ba mai gona ke ɗaukarka kai tsaye ba, wata ƙungiyar haɗin gwiwa ce da ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa, hayar hannaye kawai take bayarwa. Ka yi kwana ashirin, takardar albashi, wadda suke kira busta paga, ta nuna kwana biyar, sauran a miƙa maka a hannu bayan an cire kuɗin mota da na katifa. Asarar biyu ce, domin kuɗin tallafin rashin aiki na ma'aikatan gona sai an rubuta maka kwana 102 a cikin shekara biyu. Kwanan da ba a rubuta ba ya tafi.

Wasu kuma na cewa idan aka kai ƙara za a rufe gonar, kowa ya rasa abinci. Doka ta tanadi cewa alƙali na iya naɗa mai kula ya ci gaba da tafiyar da kamfanin a daidaita ma'aikata, maimakon a garƙame shi.

Sai batun takarda, kuma a nan ba zan yaudari kowa ba. Zama a Italiya ba izini laifi ne mai zaman kansa a wata doka dabam, don haka tsoron marar takarda yana da tushe. Amma tun watan Oktoban 2024, bayan mutuwar Satnam Singh, ɗan Indiya da inji ya yanke wa hannu aka yasar da shi a ƙofar gida a yankin Latina, an ƙara sashe na 18-ter a dokar baƙi. Wanda aka zalunta, ya kuma taimaka aka gano gaskiya da masu laifin, ana iya ba shi izinin zama na wani lokaci, a kuma sabunta shi, ya yi aiki da shi, daga baya ya mayar da shi izinin aiki. Masu cewa da ka buɗe baki takarda ta fito, su ma sun wuce gona da iri. Sai masu binciken sun ga taimakonka ya yi amfani.

A ganina nan ne dokar ta gaza. An ɗora nauyin fallasa a kan wanda ya fi kowa rauni, wanda kapon ya san ɗakin da yake kwana, wani lokacin ma ɗan garinsu ne. Ga kwalbar Barolo ɗaya tana iya cinye kuɗin yinin wanda ya tsinko inabinta.

Wanda ke cikin wannan hali ya fara da rubutu: ranar da ya fita, awar farawa da ta tashi, sunan gona, hoton wurin kwana, saƙonnin kapo a waya. Kada ya nufi ofishin 'yan sanda shi kaɗai. Ya fara zuwa ofishin ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gona, irin su FLAI CGIL, ko wurin lauya mai aikin baƙi, ko ya kira lambar kyauta ta gwamnati, 800 290 290, wadda ke aiki dare da rana.