Firintar gida da tawadar ɗuri: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Wace firinta zan saya?

Mai tanki. Epson L3210 ko L3250, Canon G2420 ko G3420, ko HP Smart Tank. Tawadarsu a kwalba take zuwa, kai da kanka za ka ɗura.

Na ga mai katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake sauyawa idan ya ƙare, ta fi araha nesa ba kusa ba. Me zai hana in ɗauka?

Araha ba ta ado. Kamfani ba a jikin firintar yake cin ribarsa ba, a tawada ne. Baƙin katirij na HP 305, kamfanin da kansa ya ce shafi wajen 120 yake bugawa. Kwalbar baƙar tawada ta Epson 103 kuwa, mai mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500. Yi lissafin da kanka. Kuma don Allah kafin ka fara ciniki, tambayi lambar tawadar, ka tabbatar ana samunta a garinku. Mutum ya saya ya kai gida sannan ya zo yana tambaya, me zan ce masa?

Ɗan'uwana zai aiko mini da ita daga Amurka.

Ka ce masa ya aiko da kuɗin. Katirij da yawa an ɗaure su da yankin da aka sayar da firintar, na kasuwarmu ba zai yi aiki a ta can ba. Ga kuma wuta: tasu bolt 120 ce, tamu 230.

Ai sai in riƙa ɗura wa katirij da sirinji?

Ana yi, amma ba ya ɗorewa. Ƙananan katirij irin waɗannan kan bugun, wato sashen da ke fesa tawada a takarda, a jikinsu yake, kuma da zafi yake fesa ta. Ka bari ya bushe sau ɗaya kana bugu, ya ƙone ke nan. Sannan tun 2016 HP ta sa tsarin da ke iya ƙin karɓar katirij mai cip (ɗan guntun lantarkin da firinta ke gane katirij da shi) wanda ba nata ba, kuma ta hanyar sabunta manhajar firintar yake shigowa. Idan ka riga ka sayi mai katirij, kashe sabuntawar da take yi da kanta. Wadda aka yi wa rajistar HP+ kam, wato wani tsarin HP da ake shiga lokacin haɗa firintar, sharaɗinta ne sai tawadar HP.

To mai tankin, zan iya zuba mata tawadar wani kamfani?

A nan ne ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba. Firintocin da na lissafa ba su da hanyar gane abin da ka zuba a tanki, don haka za su buga. Abin dubawa shi ne me zai biyo baya. Idan garanti bai ƙare ba, ni dai ina ganin ka haƙura da ta asali, domin idan kan ya toshe aka gano baƙuwar tawada, suna iya ƙin gyara maka kyauta. Bayan garanti kuma ya danganta da firintar. A Canon G2420 da HP Smart Tank ana cire kan bugu a sa sabo a gida, asarar da sauƙi. A Epson kan a dashe yake, sai mai gyara, kuma kuɗinsa kan sa mutum ya fara tunanin sayen sabuwa. Sai nau'in tawadar: akwai mai rini wadda ta narke a ruwa, akwai mai ƙwayoyin launi da ke zama a saman takarda. Kada ka haɗa su a tanki ɗaya, suna iya dunƙulewa su toshe hanya. Nemi wadda aka rubuta lambar firintarka a jikinta, ka tsaya wa kamfani ɗaya, ka guji wadda ake aunawa a kwalbar da ba suna. Idan hotuna kake bugawa don ajiya, mai araha takan fi saurin koɗewa. Aikin makarantar yara ne? Ba komai, yi amfani da ita. Amma gaskiya tawadar asali ta masu tanki ba ta da tsadar da za ta sa ka yi kasada, musamman idan kwalba ɗaya tana kai ka shekara.

Tana fitar da layi-layi, ta lalace ne?

Kwantar da hankalinka, yawanci toshewa ce. Buga shafin gwaji, ka sa firintar ta wanke kan bugunta sau ɗaya ko biyu, ka bar ta ta kwana. Kada ka yi ta wankewa ba ƙaƙƙautawa: tawadar wankin cikin soson ƙasa take taruwa, idan ya cika firintar tsayawa take. Laifin ma naka ne. Ka ajiye ta wata biyu cikin ƙurar hunturu ba mayafi! Buga shafi mai launi ko da sau ɗaya a mako, kuma ka kashe ta da maɓallinta, ba ta hanyar zare soket ba, don kan ya koma mazauninsa ya rufu.

Ni baƙi kawai nake bugawa, jefi-jefi.

To ba mai tawada kake buƙata ba. Nemi leza, irin tsohuwar HP LaserJet P1102 mai tona 85A, wato katirij ɗin garin tawada, wadda masu shagon buga takardu ke ɗura wa gari. Gari ba ya bushewa. Sai dai tana jan ɗaruruwan watt lokacin bugu, alhali L3250 wajen 12 take ja, don haka duba ƙarfin inbatarka tukuna.