Haɗarin Tashin Ƙananan Jirage a Titunan Dusar Ƙanƙara na Alaska

A jihar Alaska ta Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwa da ƙauyuka ba su da hanyar mota da ta haɗa su da sauran jihar. Ƙananan jirage irin su Piper Super Cub, Cessna 185 da de Havilland Beaver su ne ke kai mutane, wasiƙu da magunguna. Titunan da suke tashi a kai gajeru ne, yawanci na tsakuwa, da sanyi kuma wani lokaci saman tafkin da ya daskare ne kawai.

Babban haɗari yana kan fiffike. Raɓar da ta daskare a kansa da dare ba ta da kauri, shi ya sa ake raina ta. Amma hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yi gargaɗin cewa ƙanƙara mai kaushin samfefa na iya rage ƙarfin ɗagawa da kusan kashi 30, ta ƙara turjiyar iska da kusan kashi 40. Jirgin zai iya barin ƙasa, sai ya kasa hawa, ya karkata gefe guda. Ba a dogara da cewa gudu zai kakkaɓe ta. Ana lulluɓe fukafukai tun da yamma, da safe a share su, matuƙi ya cire safar hannu ya shafa da tafinsa, don ido ba ya ganin ƙanƙara mai santsi.

Daga ƙasa kuma dusar tana riƙe jirgi. Mai laushi tana nutsar da taya, mai ruwa-ruwa tana fantsama cikin birki ta daskare bayan an tashi. Masu sa allunan zamiya a madadin taya suna da nasu ciwon kan: allon yakan manne da ƙasa idan jirgi ya kwana, don haka ake ɗora shi kan katako ko rassan itace. A kan tafki, ruwa yakan ɓuya tsakanin dusa da ƙanƙara, ya jiƙe allunan ya ƙara musu nauyi. Matuƙa kan bi titin sau da yawa su daddanne shi, su bar shi ya yi tauri.

Inji ma sai an ɗumama. Kamfanin Lycoming mai ƙera injinan jirage ya ce a yi haka idan sanyi ya wuce digiri 12 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, domin baƙin mai yana yin kauri.

Idan gajimare ya rufe rana, babu inuwa, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, matuƙi ya kasa gane tudu da kwari. Shi ya sa ake kafa rassa a gefen titi. Ana kuma sa alama a tsakiyarsa: in jirgi ya kai nan bai samu kashi 70 na gudun tashi ba, a rage wuta a tsaya, a sauke kaya ko a sake danne titin.